Wace Kariya Doka Ta Tanadar wa Wanda Ake Zargi da Ta'addanci Yayin da 'Yan Sanda Ke Yi Masa Tambayoyi?

Tambaya: "Barista, barka da aiki. Na daɗe ina jin ana cewa ko wanda aka kama bisa zargin ta'addanci yana da haƙƙin ganin lauya da likita, har da haƙƙin yin shiru idan 'yan sanda suna yi masa tambayoyi. Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai. Mutumin da ake zaton ya san inda aka ɓoye bam, ko ya san waɗanda za su kai hari gobe, ta yaya za a tsaya ana lallaɓa shi? Wace kariya ce takamaimai doka ta ba shi, kuma ba ta ɗaure hannun jami'an tsaro ba?"

Malam, na gode da wannan tambaya, kuma ba ka yi laifi ba da ka yi ta da zafinta, domin mutane da yawa suna da ita a zuci ba su furta ba. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: abin da doka ta wajabta wa jami'in da ya tsare mutum bisa irin wannan zargi ya kiyaye a lokacin tambayoyi, da kuma ko waɗannan sharuɗɗa suna jawo asarar rayukan da da an iya ceta. Zan amsa maka ne a matsayina na lauyan da ya shafe shekaru yana shiga wuraren tsarewa don ganin waɗanda yake karewa, wanda kuma ya sha zama da masu bincike a wuraren horaswa yana sauraron ƙorafinsu, domin su ma suna da uzurin da ya cancanci a ji.

A cikin tambayarka ka ce "mutumin da ake zaton ya sani", kuma dukkan matsalar tana cikin wannan zaton. Idan hari ya auku, kame yakan zo da faɗi ƙwarai: ana ɗauko wanda lambarsa ta fito a wayar wani, da mai gidan da ya ba da haya, da direban da ya ɗauko fasinja, da ƙanen wanda ake nema. Jami'in da ke zaune gabansu bai san wanne ne mai hannu a ciki ba, shi ya sa ma yake tambaya. Duk ƙa'idar da aka shimfiɗa wa ɗakin tambayoyi za ta hau kan dukkansu ne, mai laifi da marar laifi, saboda a wannan sa'ar babu mai iya rarrabe su.

Abin da ba a taɓawa ko da ƙasa tana cikin yaƙi

Tushen maganar shi ne haramcin azabtarwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966 ta haramta shi a sashe na 7, sashe na 4 kuma ya sanya shi cikin haƙƙoƙin da gwamnati ba za ta jingine ba ko da ta kafa dokar ta-ɓaci. Yarjejeniyar yaƙi da azabtarwa ta 1984 ta ƙara fito da abin fili, inda sashe na 2 ya ce babu wani yanayi, yaƙi ne ko barazanar yaƙi ko rikicin cikin gida, da za a kafa hujja da shi, kuma umarnin shugaba ba ya wanke ƙaramin jami'i. Sashe na 15 ya hana kotu karɓar duk wani bayani da aka tabbatar an samo shi ta wannan hanya. Sashe na 14 na yarjejeniyar 1966 shi ne ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa ko ya amsa laifi, a nan haƙƙin yin shiru yake da madogara. Wannan fahimta ta daɗe a shari'ar Musulunci ma, domin an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan aka bar shi da yunwa, ko aka ɗaure shi, ko aka doke shi, jumhurun malaman fiƙihu kuma ba su ɗauki iƙirarin wanda aka tilasta a matsayin hujja ba.

Kada kuma a ɗauka cewa sai an ga jini ake cewa an ƙetare iyaka. A 1971 jami'an Birtaniya a Ireland ta Arewa sun yi amfani da dabaru biyar a kan mutanen da suka tsare: tsayar da mutum jikin bango na sa'o'i, rufe masa kai da buhu, cika masa kunne da ƙara, hana shi barci, da tauye masa abinci da ruwa. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke a 1978 cewa wannan cin zarafi ne da ƙasƙantarwa da yarjejeniyar Turai ta haramta. Dabarun da ba sa barin tabo su ne suka fi wahalar tabbatarwa a kotu, shi ya sa ƙa'idojin zamani suke ƙayyade lokacin hutu, da tsawon kowane zaman tambayoyi, da lokacin cin abinci.

Sa'o'in farko

Haramci a takarda ba ya kare kowa shi kaɗai. Abin da ke kare wanda aka tsare shi ne wani ido daga waje ya gan shi da wuri, domin binciken masu sa ido ya daɗe yana nuna cewa yawancin cin zarafi a sa'o'in farko bayan kamu yake faruwa. Kwamitin Turai na hana azabtarwa ya daɗe yana nanata abubuwa uku tun daga farkon tsarewa: a sanar da wani daga cikin dangi, a bar mutum ya ga lauya, a bar likita ya duba shi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta tafi a kan wannan turba a ƙa'idojin Tsibirin Robben na 2002 da ƙa'idojin Luanda na 2014.

Ni a aikina, idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da na fi dubawa da na isa caji ofis, rajistar tsarewa ce. Littafi ne da mutane suke rainawa, amma a cikinsa ake rubuta ƙarfe nawa aka kawo mutum, wa ya kawo shi, a wane hali ya iso, yaushe aka fitar da shi daga sel zuwa ɗakin tambayoyi, yaushe aka mayar da shi, wa ya sa hannu. Na taɓa kare wani saurayi da aka gabatar da takardar amsa laifinsa mai ɗauke da kwanan wata na ranar Laraba, alhali rajistar ta nuna sai ranar Juma'a da daddare aka shigar da sunansa. Tambaya ɗaya na yi wa mai binciken a gaban alƙali, na ce a ina yaron yake a kwana biyun da ke tsakani, kuma a hannun wa. Bai iya amsawa ba, kotu kuma ta ƙi karɓar takardar. Inda tsarin ya yi kyau, wanda ke riƙe da rajista da makullin sel jami'i ne daban da mai bincike, kuma yana da ikon ce wa mai binciken ya dakata, mutumin nan yana bukatar barci. A Ingila, dokar aikin 'yan sanda da shaidu ta 1984 ce ta kafa wannan muƙami na jami'in kula da tsararru, kuma a ganina raba waɗannan ayyuka biyu yana cikin gyare-gyare mafi arha kuma mafi tasiri da kowace ƙasa za ta iya yi.

Duba na likita yana da amfani ne idan an yi shi sau biyu, lokacin shigowa da lokacin fita, kuma ba a kunnen mai bincike ba. Kundin jagora na Istanbul na 1999 ya tsara yadda likita zai rubuta abin da ya gani, ya kuma faɗi ko raunin ya dace da labarin da mutumin ya bayar. Amfaninsa a shari'a babba ne. A ƙarar Aksoy da ƙasar Turkiyya ta 1996, mutumin da aka tsare aƙalla kwana 14 ba tare da ganin alƙali ba ya fito hannayensa biyu sun shanye, sakamakon rataye shi da aka yi da hannayen a ɗaure ta baya. Kotun Turai ta ce idan mutum ya shiga hannun hukuma da lafiyarsa ya fito da rauni, nauyin bayani yana kan hukumar. Wannan ƙa'ida tana kare jami'in kirki shi ma, domin rahoton likita na ranar shigowa shi ne zai wanke shi idan aka yi masa ƙazafi daga baya.

Me lauya yake yi a ɗakin?

Mutane suna zaton lauya yana shiga ne don ya ce wa wanda ake zargi ya kama bakinsa. Wani lokaci hakan ce shawarar da ta dace, amma sau da yawa akasin haka nake ba da shawara, musamman idan mutumin yana da bayanin inda yake a ranar da za a iya tabbatarwa. Babban aikina a wurin shi ne in tabbatar ya fahimci abin da ake zarginsa da shi, an gargaɗe shi cewa abin da ya faɗa zai iya zama shaida a kansa, kuma abin da aka rubuta shi ne abin da ya faɗa. Wannan na ƙarshen ne ya fi ba ni wahala. Na ga takarda shafi huɗu da aka rubuta da harshen da mai ita ba ya ji, a ƙasa an dangwala masa babban yatsa, wanda ya yi tafinta kuwa ɗaya daga cikin jami'an da suka kamo shi ne. Da aka karanta masa abin da ke ciki a gabana, sai ya dafe kai ya ce shi dai ya faɗa cewa ya taɓa ɗaukar mutumin a mota, amma a takardar an rubuta cewa ya san abin da ke cikin kayan. Tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai ɗaurin rai da rai.

Shari'ar da ta sauya tunani a wannan fanni ita ce ta Salduz da Turkiyya a 2008. Yaro ne ɗan shekara 17 da aka kama bisa zargin goyon bayan PKK, ƙungiyar Kurdawa mai ɗauke da makamai da Turkiyya ta haramta, ya amsa laifi a hannun 'yan sandan yaƙi da ta'addanci ba tare da lauya ba, daga baya ya janye, amma aka hukunta shi da wannan bayanin. Babban zauren kotun Turai ya ce a ƙa'ida dole ne mutum ya samu lauya tun daga tambayoyin farko, sai dai idan akwai dalili mai ƙarfi a wannan shari'ar ta musamman. Bayan wannan hukunci ƙasashe irin su Faransa da Beljiyam suka gyara dokokinsu. Idan wanda aka tsare yaro ne, ko mai taɓin hankali, ana bukatar wani babba mai zaman kansa ya zauna tare da shi ban da lauyan, domin irin waɗannan su ne suka fi saurin amsa abin da ba su aikata ba don a bar su su tafi gida.

Batun bam ɗin da ka ambata

A nan ne ya kamata in yi maka adalci, domin doka ba ta rufe ido ga wannan hali ba. Dokoki da dama sun yarda a jinkirta wasu haƙƙoƙin na ɗan lokaci idan rayuka suna cikin haɗari na gaggawa. A Amurka, inda hukuncin Miranda na 1966 ya wajabta gargaɗi kafin tambayoyi, kotun ƙoli ta yarda a 1984, a shari'ar Quarles, cewa ɗan sanda zai iya tambayar inda makami yake kafin gargaɗin idan lafiyar jama'a ta bukata. A Birtaniya, dokar ta'addanci ta 2000 ta ba babban jami'i mai muƙamin sufuritanda ko sama ikon jinkirta ganin lauya har zuwa sa'a 48, bisa dalilai da aka lissafa, kuma sai an rubuta su.

An gwada wannan bayan yunƙurin kai hari na ranar 21 ga Yuli 2005 a Landan, mako biyu bayan hare-haren da suka kashe fasinjoji 52. Bama-baman ba su tashi ba, maharan suka gudu, 'yan sanda kuma suka yi wa uku daga cikin waɗanda suka kama tambayoyin gaggawa kafin su ga lauya. A 2016 babban zauren kotun Turai ya ce ba a tauye haƙƙin waɗannan ukun ba, saboda haɗarin na gaske ne, jinkirin gajere ne, babban jami'i ya ba da izini a rubuce, kuma kotun da ta yi shari'ar ta auna bayanan da kyau. Amma a wannan hukuncin dai, kotun ta ce an tauye haƙƙin mutum na huɗu, wanda aka fara yi wa tambayoyi a matsayin mai ba da shaida, da ya fara faɗin abin da ke jefa shi cikin laifi sai aka ci gaba ba tare da an gargaɗe shi ko an sanar da shi haƙƙinsa na ganin lauya ba, kuma ba a rubuta dalilin shawarar ba. Ka ga bambancin: an amince da keɓancewar da ke da iyakar lokaci, da sa hannun wanda zai amsa tambaya a kanta, da takardar da alƙali zai duba daga baya, an ƙi wadda aka yi a ɓoye. Kuma abin da aka jinkirta lauya ne. Ba a ba kowa izinin ɗaga hannu ba. Hatta kotun ƙolin Isra'ila, a ƙasar da ke fama da hare-haren ƙunar baƙin wake a lokacin, ta yanke a 1999 cewa hukumar tsaron cikin gida ba ta da ikon amfani da jijjiga mutum da sauran dabarun matsa wa jiki.

Ko hakan ya ɗaure hannun masu bincike?

Abin da na gani shi ne matsin lamba yana sa mutum ya yi magana, amma ba ya ba ka hanyar sanin ko maganar gaskiya ce. A watan Nuwamban 1974 bama-bamai suka kashe mutum 21 a birnin Birmingham na Ingila. An kama mutum shida, huɗu daga cikinsu suka sa hannu a takardun amsa laifi da suka ce dukansu aka yi, aka yanke wa dukkansu ɗaurin rai da rai a 1975. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bayan sun shafe shekara 16 a kurkuku, har yau kuma ba a hukunta kowa a kan kisan ba. Iyalan waɗanda suka mutu su ne aka fi cuta, domin da aka samu "masu laifi" sai binciken ya tsaya, sawun masu laifin na gaske ya bushe. Haka kuma Ibn al-Shaikh al-Libi, ɗan Libiya da aka kama bisa zargin ta'addanci, wanda Amurka ta miƙa wa Masar, ya ce Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba. Wannan magana ta shiga jawabin Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, a Kwamitin Sulhu a watan Fabrairun 2003, a 2004 kuma mutumin ya janye ta, ya ce ya faɗa ne don a daina gallaza masa.

Saboda darussa irin na Birmingham ne 'yan sandan Ingila da Wales suka koma, daga farkon shekarun 1990, ga salon tambayoyi na neman bayani maimakon neman amsa laifi: mai bincike ya shirya sosai, ya bar mutum ya ba da labarinsa da bakinsa har ƙarshe, sannan ya fito da shaidun da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya ya nuna inda labarin ya ci karo da su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai ƙarya ya fi saurin faɗawa idan aka bar shi ya yi ta zuba. A 2021 aka fitar da ƙa'idojin Mendez, masu ɗauke da sunan Juan Mendez, tsohon mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, waɗanda suka haɗa wannan salo da kariyar doka wuri guda. Ɗaukar zaman a bidiyo daga farko har ƙarshe shi ne cikon abin, domin gani ya kori ji. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015, alal misali, ta tanadi naɗar bayanin amsa laifi a bidiyo da kuma ɗaukarsa a gaban lauya. Masu gabatar da ƙara da na sani sun fi kowa son bidiyon, saboda yana raba su da doguwar shari'a cikin shari'a da ake yi don gano ko mutum ya yi bayani da son ransa. Sai dai bidiyon minti goma na mutum yana maimaita abin da aka haddace masa cikin kwana uku ba shi da wata daraja. A ga agogo a jikin hoton, a ga duk wanda ke ɗakin.

Tsawon tsarewa, da inda kariyar ke yoyo

Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2014 cewa sa'a 48 ta isa a kai wanda aka kama gaban alƙali, kuma a kai shi da jikinsa, don alƙalin ya gan shi da ido. A shari'ar Brogan ta 1988, kotun Turai ta ce ko kwana huɗu da sa'a shida ya yi yawa ga wanda ake zargi da ta'addanci. Alƙali zai iya tsawaita tsarewar, kuma a nan ƙasashe suka sha bamban. Birtaniya ta tashi daga kwana 7 zuwa 14, zuwa 28 a 2006, ta dawo 14 a 2011, majalisarta kuma ta yi watsi da buƙatar kwana 90 a 2005. Wasu ƙasashen suna ba da izinin watanni, a kan buƙatar da ake saurara ba tare da wanda aka tsare ko lauyansa suna wurin ba, kuma wannan a ra'ayina sa hannu ne kawai aka mayar da aikin alƙali.

Duk abin da na zayyana yana da iyakarsa. Yawancin waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a kan caji ofis, alhali a shari'un ta'addanci mutum yakan fara shiga hannun sojoji ko hukumar leƙen asiri, ya shafe makonni a inda babu rajista, kafin a miƙa shi ga 'yan sanda ya maimaita musu "da son ransa" abin da aka riga aka tatsa. Akwai kuma tambayoyin cikin mota a hanyar zuwa ofis, waɗanda ba sa shiga kowane littafi. Haƙƙin ganin lauya ba ya amfanar wanda ba shi da kuɗin ɗauka idan babu lauyoyin gwamnati masu jiran kira dare da rana. Ƙarin yarjejeniyar 2002 kan hana azabtarwa, wadda ta wajabta wa ƙasashen da suka shiga su kafa hukumar da za ta riƙa ziyartar duk wurin da ake tsare mutane, an yi ta ne don toshe wannan ɓaraka, amma ƙarfinta ya danganta da ko ana buɗe wa masu ziyarar ƙofa. Amsar da na ba ka ta gaba ɗaya ce. Idan akwai wani naka da ke tsare a yanzu, adadin sa'o'i da hanyar ƙalubalantar tsarewar suna cikin dokar ƙasar da yake, kuma abu na farko da lauyan da ke can zai nema shi ne a tabbatar masa a rubuce wace hukuma ce ke riƙe da shi, a wane gini, tun wace rana da wane lokaci.